Yadda bakteriyar ƙasa ke cinye dattin mai a ƙasashen ƙanƙara

Wurin da makanikai ke juye baƙin mai a bayan gareji ba ya ɓoyuwa. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta dunƙule kamar kwalta, ruwan sama na zamewa a kanta, ko ciyawa ba ta fitowa. Amma in aka daina zubawa, rana ta doke shi damina ta jiƙa shi na 'yan shekaru, sai gefe-gefensa ya fara komawa launin ƙasa. Wani kaso na man ya bi iska, wani kuma cinye shi aka yi. Masu cin su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin ƙasar tun fil azal. Mun saba kiran duk wata bakteriya da ƙwayar cuta, amma waɗannan ba ruwansu da jikin mutum, abinci kawai suke nema, kuma mai abinci ne a wurinsu domin kusan kashi 85 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne.

A Alaska, arewacin Kanada, Saberiya, tsaunukan Turai da Antaktika, irin wannan tabo yakan yi shekaru ashirin ko talatin yana warin dizal kamar jiya aka zubar. Kuma a can rayuwa duk a kan mai take: janareto, ɗumama ɗaki, jirage, motocin share ƙanƙara. Tanki ya fashe, bututu ya yi yoyo, dagwalon gindin tanki ya taru. A ranar 29 ga Mayun 2020 tanki guda a Norilsk ta ƙasar Rasha ya amayar da dizal fiye da tan 20,000. Kwashe gurɓatacciyar ƙasa a loda a jirgin ruwa a kai ta inda za a ƙone yakan ci kuɗi fiye da kima, shi ya sa hankali ya koma kan gyara ta a inda take.

Abin da gwaje-gwajen shekaru fiye da talatin suka yi ta nunawa shi ne masu aikin suna nan a cikin ƙasar, ko da ta Antaktika ce. Abin da ke hana su ci ya fi zama rashin iska, rashin ruwa narkakke da rashin naitirojin. Sanyin kansa yana rage musu sauri ne, ba ya kashe su.

Me sanyi ke yi

Farko yana taɓa man. Wanda ya taɓa yatsar man kaɗe da asubar hunturu ya san ba shi da alaƙa da wanda ke tsiyaya a watan Afrilu. Dizal gauraye ne na sarƙoƙin kabon masu tsawo daban-daban, kowanne da inda yake daskarewa. Mai kabon 12 sai an kai kusan digiri 10 ƙasa da sifili kafin ya sandare, mai kabon 14 yana sandarewa a kusan digiri 6, mai kabon 16 a digiri 18, mai kabon 18 kuwa a digiri 28. Ke nan a ƙasar da zafinta bai wuce digiri 5 ba, dogayen sarƙoƙin sun fi kusa da kakin zuma fiye da mai. Bakteriya kuwa ba ta da haƙori. Sai abu ya narke cikin ruwa, ko ta manne masa kai tsaye, sannan zai shiga jikinta. Akwai kuma wata illa ta biyu: ƙananan sinadarai masu saurin tashi, irin masu kabon ƙasa da 10 da dangin benzin, waɗanda a ƙasa mai zafi kwana kaɗan sun bi iska, a sanyi sai su yi zamansu. Su ne kuwa masu guba, suna narkar da fatar ƙwayar bakteriya. Shi ya sa sabon malalar mai a sanyi yakan ɗauki lokaci kafin cin ya kankama.

Sannan yana taɓa bakteriyar. Ƙa'idar da ake aiki da ita a kan ƙiyasi ita ce duk saukar digiri 10 tana raba saurin aikin gida biyu. Daga digiri 25 zuwa 5, saura rubu'i. Aikin da zai ci wata uku a ƙasa mai ɗumi zai nemi wata goma sha biyu. To, ƙasar kuwa wata biyu zuwa uku take narkewa a shekara, ka ga an koma maganar bazara huɗu zuwa shida. Duk ɗan kwangilar da ya yi alkawarin gamawa a zango guda a irin wannan wuri, a sake duba lissafinsa.

Masana sun raba masu jure sanyi gida biyu. Akwai na ainihi, waɗanda suka fi walwala a digiri 15 ko ƙasa, suka kasa rayuwa in an wuce 20. Akwai kuma masu haƙuri da sanyi, waɗanda ke iya hayayyafa a kusa da sifili amma sun fi son digiri 20 zuwa sama. Yawancin masu cin mai a ƙasar sanyi daga rukuni na biyu suke: Rhodococcus, Pseudomonas, Sphingomonas, Arthrobacter, Acinetobacter. Wannan yana da amfani a aikace, domin yana nufin ɗan ɗumin da aka ƙara wa ƙasar ba zai kore su ba, ƙara musu kuzari zai yi. Rhodococcus ta fi fice wajen daskararren mai. Bangon jikinta mai maiƙo ne, tana manne wa man kamar kaska, tana kuma fitar da wani abu mai aikin sabulu da ke farfasa shi ƙanana.

Na uku shi ne ruwa. Ƙanƙara ba ruwa ba ce a wurin bakteriya. Amma ko a daskararriyar ƙasa akwai ɗan siririn ruwa da ke lulluɓe da ƙwayoyin ƙasa bai daskare ba, kuma a tsibiran Svalbard na Norway an auna alamun cin mai yana gudana a hankali har 'yan digiri ƙasa da sifili. Aikin ba ya tsayawa cak, jan ciki yake yi.

Lissafin iska

Matakin farko na cin mai shi ne bakteriya ta liƙa oksijin a ƙarshen sarƙar kabon da wani enzayim nata, wato sinadarin da jikinta ke ƙerawa don sarrafa abinci. Daga nan sarƙar ta koma dangin kitse, sai ta riƙa gutsurar kabon biyu-biyu har ta ƙare. Sinadarai masu siffar zobe ma sai da oksijin ake fasa zoben. Akwai masu ci ba tare da oksijin ba, amma saurinsu a sanyi bai kai a gina shiri a kansa ba.

Kowane giram na mai yana buƙatar kusan giram 3.4 na oksijin kafin ya koma iskar kabon da ruwa gaba ɗaya. A ɗauki tan guda na ƙasa mai ɗauke da dizal miligiram 10,000 a kowane kilo, wato kashi 1 cikin ɗari. Man ya kai kilo 10, oksijin ɗinsa kusan kilo 34. Mita guda mai siffar akwati ta iska tana ɗauke da oksijin kusan giram 300, ke nan sai an ratsa wannan tan guda da iska fiye da mita 110, ko da a ce ba a yi asarar komai ba. Ruwa kuwa, ko mai sanyin ƙanƙara, bai riƙe fiye da miligiram 14.6 a lita, kuma oksijin na ratsa ruwa a hankali sau kusan 10,000 fiye da yadda yake ratsa iska. A nan matsalar ƙasar sanyi take fitowa fili. A ƙarƙashinta akwai daskararriyar ƙasa da ba ta narkewa rani da damina, fatar sama kawai ke saki, wani wuri rabin mita, wani wuri mita ɗaya ko biyu. Ruwan narkewar ƙanƙara ba shi da hanyar nutsewa, sai ya kwanta ya toshe ramukan iska. Ƙasa ta yi caɓi, ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, aikin ya tsaya.

Taki: inda aka fi yin ɓarna

Ƙasar sanyi matalauciya ce wajen naitirojin da fosfaros, mai kuma ba ya ɗauke da su. Bakteriya ba za ta gina jiki da kabon zalla ba. Babban gwajin da ya tabbatar wa duniya wannan shi ne na jirgin dakon mai Exxon Valdez, wanda ya hau dutse a gaɓar Alaska ranar 24 ga Maris 1989 ya zubar da ɗanyen mai kusan galan miliyan 11. Hukumar kare muhalli ta Amurka da kamfanin suka gwada taki iri biyu a bakin teku: Inipol EAP22, mai ruwa-ruwa wanda aka haɗa yuriya cikin maiƙo domin ya manne wa man kada igiyar ruwa ta wanke shi, da Customblen, tsabar taki mai saki a hankali. Cikin 'yan makonni filin da aka fesa ya fito fes a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, ana hango iyakarsa daga sama. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Nature a 1994 ya nuna saurin cin man ya ninka sau uku zuwa biyar inda takin ya wadata. Ba a zuba baƙuwar bakteriya ba a wannan aiki, na wurin aka ciyar.

Daga nan sai mutane suka ɗauka yawan taki yawan nasara. Littattafai suka ba da ma'auni: kabon 100, naitirojin 10, fosfaros 1. A koma kan tan ɗin nan mai kilo 10 na dizal. Kabon ɗinsa kilo 8.5 ne, ma'aunin ya ce a zuba naitirojin giram 850 da fosfaros giram 85. A takarda babu aibu. Amma taki ba cikin ƙasa yake narkewa ba, cikin ruwan da ƙasar ke riƙe da shi yake narkewa. Ƙasar Antaktika da ta wasu wurare a arewacin duniya tsakuwa ce da yashi, danshinta kan tsaya a kashi 5 cikin ɗari. Tan guda, lita 50 ke nan. Giram 850 cikin lita 50 ya ba da miligiram 17,000 a kowace lita. Binciken da masanin ƙasa James Walworth da abokan aikinsa suka yi ya nuna cin mai yana fara ja da baya tun daga wajen miligiram 2,000 na naitirojin a litar ruwan ƙasa, a wasu ƙasashen ma ƙasa da haka. An ninka iyakar sau takwas. Manomin da ya taɓa zuba yuriya a gindin masara ranar da ƙasa ta bushe ya san sauran labarin: gishirin takin yana zuƙe ruwan jikin mai rai, shuka ce ko bakteriya.

Sai kuma sanyi ya ƙara dagula lissafin. In ƙasa ta fara daskarewa, ƙanƙarar tana ɗaukar ruwa zalla ta bar gishirin a cikin ɗan ruwan da ya rage, kuma cikin wannan ɗan ruwan ne bakteriyar ke fakewa. A Barrow ta Alaska, gwajin da aka wallafa a 1997 ya gano mafi ƙanƙantar takin da aka zuba shi ya fi ba da sakamako, mai yawan ya danne aikin.

Hanyar da ta dace ita ce a fara daga ruwa. A auna danshin ƙasar, a ninka litocin da giram 1.8 a matsayin rufin da ba a haurawa. Lita 50 ta ba da giram 90 na naitirojin, wato yuriya kusan giram 195 tunda kashi 46 cikinta ne naitirojin. Tan guda na ƙasa mai danshi kashi 20 zai ɗauki giram 360 na naitirojin. Ragowar a raba shi kashi-kashi, a ƙara bayan an auna an ga na farko ya ƙare. Yuriya ma tana da nata halin a sanyi: takan rage tsamin ƙasa ta saki amoniya, sannan bakteriyar da ke ƙarasa juya ta zuwa naitiret sukan yi nawa, sai naitirait, wato matakin tsakiya mai guba, ya taru. Shi ya sa wasu suka fi son takin amoniyam naitiret, ko DAP mai haɗe da naitirojin da fosfaros, ko mai saki a hankali, ko garin kifi. A kuma narkar da takin a ruwa a yayyafa lokacin da ake cakuɗa ƙasar. Watsa tsaba a sama yana barin wani wuri da guba wani wuri da yunwa.

Gina tsibi

Hanya mafi sauƙi ita ce a baje ƙasar a fili mai shimfiɗa, kauri santimita 30 zuwa 45, a riƙa juya ta da garma. An yi haka a tsoffin tashoshin rada na soja a arewacin Kanada. Tana da arha, amma tana cin fili, tana saurin yin sanyi, ruwan narkewa na mamaye ta. Inda akwai hali, tsibi ya fi.

Kafin komai a tsotse man da ke kwance a fili. In man ya haura miligiram 50,000 a kilo, wato kashi 5 cikin ɗari, bakteriya ba ta iya masa, sai an sirka da wata ƙasar. Dagwalon gindin tanki da baƙin man inji suna zuwa da ƙarin kaya, wato darma, zinki da sauran ƙarafa. Babu bakteriyar da ke cin ƙarfe. A auna su tun farko, domin in sun yi yawa za a gama cin man a tarar ƙasar har yanzu ba ta amfanuwa.

A share fili mai ɗan gangara, a yi masa kunya a kewaye, a shimfiɗa roba mai kauri, galibi milimita 1.5, a ɗora mata yashi don kada tsakuwa ko haƙorin katafila su huda ta. A kusurwar gangaren a haƙa ramin tara ruwan da ke tsattsafowa, wanda za a riƙa mayarwa kan tsibin tunda yana ɗauke da taki da mai. A tashar bincike ta Casey ta Ostireliya a Antaktika, inda dizal ya malale a 1999, sun haɗa robar da shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashi, domin daskarewa da narkewa suna motsa ƙasa, roba kaɗai kuma tana iya tsagewa. A kan yashin a jera bututai masu huji, faɗin santimita 10, a lulluɓe su da tsakuwa, a haɗa su da injin iska. Ƙasar a tankaɗe manyan duwatsu, a farfasa hoge, in mai laka ce a cakuɗa ta da ɓawon itace ko dusar katako ko kara domin ta saki jiki. A tara ta tsawon mita ɗaya zuwa biyu, kada mota ta hau kai. Danshi ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 85 na abin da ƙasar ke iya riƙewa. Gwajin hannu ya isa a fili: ka damƙa, ta dunƙule, ruwa bai ɗiga ba. Ma'aunin tsami, wato pH, ya kasance tsakanin 6 da 8. A soka ƙananan bututan awo a wurare da zurfi daban-daban, a riƙa duba oksijin. In ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, iska ba ta isa can.

Tsotsar iska ta fi hura ta, domin tururin man yana bi ta bututu guda inda za a iya tace shi da gawayi. Illarta ita ce danshi yana taruwa a bututun ya daskare ya toshe shi, don haka a sa tukunyar tare ruwa kafin inji, a kuma naɗe bututun. A rufe tsibin da baƙin tamfol: yana kama zafin rana, yana tare iska mai busar da ƙasa, yana hana dusar ƙanƙara jiƙa shi. A tashar Carlini ta Ajantina da ke tsibirin King George na Antaktika, tsibi mai rabin tan da aka rufe aka kuma ba shi taki a kan awo ya rasa kusan kashi uku cikin huɗu na mansa, wanda ba a ba taki ba kuwa kusan rabi.

Ɗumamawa da wuta gaba kura ce baya siyaki. Tana ƙara tsawon zangon aiki, amma in zafin ya sauka ƙasa zai narkar da daskararriyar ƙasar da ke tare man, filin ya lotsa, man ya nutse. Dole a sa makarin zafi a ƙarƙashin shimfiɗa. Sannan iskar waje mai digiri 10 ƙasa da sifili ba ta ɗauke da ruwa fiye da giram 2 da ɗoriya a mita. In aka ɗumama ta zuwa digiri 15 za ta iya ɗaukar kusan giram 13, kuma daga jikin tsibin za ta cike giɓin. Makonni kaɗan kewayen bututan ya bushe ƙayau. Mai hura ɗumi sai ya jiƙa iskar kafin ta shiga.

Baƙo raɓa, ɗan gari kaba

Kasuwa cike take da garin bakteriya a buhu da jarka. A Finlan, a gwajin da aka wallafa a 2000, an tara ƙasa mai man inji da ɓawon itace, man ya sauka daga kusan miligiram 2,400 zuwa 700 a kilo cikin wata biyar, kuma haɗin bakteriya biyu na kasuwa da aka zuba ba su sauya komai ba. Wadda aka rena a ɗakin gwaji cikin ɗumi da ƙoshi ba ta iya gogayya da 'yan gida a ƙasa mai sanyi da yunwa. A Antaktika ma doka ta rufe ƙofar: yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta hana shigar da baƙin halittu ba da izini ba. Inda ƙari ke da ma'ana shi ne sabon malala a ƙasar da ba ta taɓa ganin mai ba, ko ƙasar da awo ya nuna bakteriyarta ba ta kai 1,000 a giram ba. A nan ma daga ƙasar wurin ake ɗebo iri, a rene shi a ruwan gishirin ma'adinai da dizal kashi 1 cikin ɗari a matsayin abinci tilo, a zafin digiri 4 zuwa 10, a sauya masa kwalba sau uku ko huɗu, sannan a mayar. Mafi sauƙi ma, a ɗebi ƙasa daga tsohon tsibin da ya yi aiki a cakuɗa da sabo, kamar yadda ake ɗiban tsohon kindirmo a kwantar da sabuwar madara.

An ci ne ko ya tashi?

Dizal ɗin da ake kai wa ƙasashen ƙanƙara mara nauyi ne, kusan kananzir, an tace shi don kada ya daskare. Irin wannan in aka yi ta hura masa iska zai ragu ko babu bakteriya ko ɗaya. Rahoto ya nuna saukar kashi 80, alhali an kwashe gubar ne daga ƙasa an mayar sama. An gudu ba a tsira ba. Ana rarrabewa ta hanyar kwatanta sarƙar kabon 17 da wani sinadari mai rassa da ake kira firistan, da ta kabon 18 da faitan. Kowane biyun kusan tare suke tashi da iska, amma bakteriya ta fi saurin cin miƙaƙƙiyar sarƙa. In rabon ya sauka, ci ne. In mai ya ragu rabon na nan, iska ce. A ɗanyen mai akan dogara da wani sinadari da ake kira hofen, wanda kusan ba ya ciwuwa ba ya tashi. Akwai kuma gwajin numfashi: a kashe inji, a auna saurin faɗuwar oksijin da hawan iskar kabon cikin sa'o'i.

Saukar man ba a miƙe take ba. Zangon farko ne ke kwashe mafi yawa, sannan ta yi ta jan ƙafa. Rosa Margesin da Franz Schinner na Jami'ar Innsbruck sun bi wata ƙasa mai dizal a filin wasan zamiyar ƙanƙara a tsaunin Ostiriya, kusan mita 2,900 sama da teku, har bazara uku. Mai taki ta ragu da kusan kashi 70, marar taki da kusan 50, kuma mai takin ta tsaya da fiye da miligiram 700 a kilo. Abin da ke saura shi ne mai nauyi, dangin kwalta da manyan zobba, da wanda ya shige ƙananan ramukan ƙasa inda bakteriya ba ta kaiwa. Ƙarin taki ba ya motsa shi. A gaɓar Alaska ma, binciken 2001 ya tarar da man Exxon Valdez kwance a ƙarƙashin tsakuwa, inda ruwa mai oksijin ba ya ratsawa. Saboda haka samfurin da za a yanke hukunci da shi kada a ɗebo shi daga saman tsibi ko kusa da bututu. A haƙa tsakiya da gindi da kusurwoyin da iska ke tsallakewa, a cika kwalbar gilashi maƙil, a rufe, a ajiye a sanyi har ta isa ɗakin awo.